FFT ko Goertzel: wanne ya dace ya yi gadin injin ban ruwa?

Baffana yana da gonar rani a gefen Kadawa, ƙaramar hukumar Garun Malam, can ƙarshen da ruwan kanal mai zuwa daga Tiga ba ya hawa sai an ja shi da inji. Wata rana da hantsi muna zaune ƙarƙashin darbejiya, injin yana can da ɗan nisa, sai ya ajiye kofin kokonsa ya ce, "Tashi maza, ya sha iska." Na ce, "Baffa, ai ga shi can yana ta aiki, ba ku ji ba?" Ya ce, "Jin da na yi ne ya sa na ce ka tashi." Da na isa, bakin mesa ya fito daga ruwa, inji na ta kuka a banza, tiyo a kwance ba ko ɗigo.

Famfon da ya daɗe yana juyawa ba ruwa sil ɗinsa, wato zoben da ke hana ruwa yoyo, shi ne ke ƙonewa, don ruwan ne ke sanyaya shi. Ga kuma fetur, wanda tun da aka cire tallafi a 2023 ba mai son ya ƙona ko kofi guda a banza. Shi ya sa na ɗauki aniyar sa wa ƙaramar na'ura kunne irin na Baffa, ta riƙa saurare, in inji ya sha iska ko ya mutu ta sanar. Ɗalibai masu aikin kammala karatu, daga Wudil har Kazaure, suna yawan zuwa da irin wannan tunani, kuma tambayarsu ɗaya ce: FFT za a yi ko Goertzel (hanyoyin lissafi biyu ne na gano kaɗawar da ke cikin sauti), Arduino Uno za a saya ko ESP32 (ƙananan allunan kwamfuta biyu ne da ake rubuta wa shiri)? Amsar tana cikin wata tambayar da ba su cika yi ba, wato ko ka san ainihin sautin da kake nema kafin ka fara nemansa.

Ɗanyen sauti

Makirfo tana mayar da motsin iska zuwa lantarki mai hawa da sauka. Na'ura kuma tana leƙa wannan lantarkin a kai a kai, ta rubuta lamba. Kowace lamba samfur ɗaya ce. Ɗanyen sauti ke nan, jerin lambobi kawai. Faifan CD yana ɗaukar samfur 44,100 a sakan, kowanne bit 16, wato lamba tsakanin -32,768 da 32,767, kuma layi biyu, hagu da dama. Minti ɗaya ya haura megabayit 10. Wayar tarho ta gargajiya kuwa 8,000 take ɗauka a sakan, kuma in ka ajiye hakan a bit 16 layi ɗaya, minti guda bai cika megabayit ɗaya ba.

Fayil ɗin WAV, wanda Microsoft da IBM suka fitar a 1991, shi ne mafi sauƙin buɗewa, don lambobin suna kwance a ciki ba a matse su ba. Amma akwai ramuka. Za ka ga ana cewa ka tsallake bayit 44 na farko, sauran duk sauti ne. Sau da yawa haka ne, sai dai wasu manhajoji, har da ffmpeg, suna cusa ƙarin bayani a kan fayil ɗin, kai kuma ka karanta sunan manhaja a matsayin sauti. Ka bar wave, wani shiryayyen kayan aiki na harshen kwamfuta Python, ya nemo maka inda sautin ya fara. Na biyu, WAV mai bit 8 ba shi da lambobin ƙasa da sifili, shirunsa 128 ne, alhali mai bit 16 shirunsa sifili. Na uku ya fi cin mutane: ka ninka samfur mai 200 da kansa ka samu 40,000, wanda ya fi ƙarfin bit 16, sai lambar ta kife ta koma ƙasa da sifili ba tare da kwamfuta ta ce maka uffan ba. Ka mayar da su float, wato lambobi masu ɗigo da ke ɗaukar manyan adadi, kafin ka fara lissafi.

Kada kuma ka ce ƙaninka ya ɗauko maka kukan injin ta saƙon murya na WhatsApp. Wannan da wata hanya mai suna Opus ake matse shi, kuma saƙon murya don maganar mutum aka yi shi. Wayoyi da yawa ma da kansu suna danne gurnanin da ba ya yankewa, a ganinsu hayaniya ce, alhali gurnanin kake nema. Ka sa manhajar da ke ɗauka kai tsaye a WAV, ka kashe duk wani abin rage hayaniya.

Abin da ke cikin kukan inji

Ana auna kaurin sauti ko siririntarsa da yawan kaɗawa a sakan, ma'auninsa Hz, ƙanin megahaz ɗin da masu gabatar da shirye-shiryen rediyo ke ambata. Injin ban ruwa mai inci biyu ko uku, irin mai kan Honda GX160 da 'yan kwaikwayonsa, fistin ɗaya gare shi, kuma wuta na tashi sau ɗaya a kowane juyi biyu. In yana juyi 3,000 a minti, juyi 50 ke nan a sakan, tashin wuta 25. In an kai shi 3,600, tashin wuta 30. Wannan bugun ba sauti ne mai laushi ba, duka ne, don haka yana tafe da ninkinsa: 50, 75, 100, 125, har sama. A hoto za ka gan su jere kamar haƙoran matsefi, kuma tazarar da ke tsakanin haƙori da haƙori ita ce saurin injin.

Da famfo ya sha iska nauyi ya sauka daga kan inji, sai ya ƙara gudu. Amma yana da gwamna, wato na'urar da ke daidaita gudunsa, mai riƙe shi, don haka ƙarin ba shi da yawa. A ce kashi 5 cikin ɗari ne: daga 3,000 zuwa 3,150, wato daga 25 Hz zuwa 26.25. Bambancin Hz ɗaya da kwata. Wannan ɗan mitsitsin shi Baffa ya ji daga inuwa, tare da canjin amon salansa, kuma shi ne ma'aunin da za mu gwada kowace hanya da shi. A ninki na takwas kuwa bambancin ya buɗe, daga 200 zuwa 210. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Dokoki biyu ne ba a roƙonsu. Ta farko ita ce wadda ake danganta wa Harry Nyquist da Claude Shannon, ayyukansu na 1928 da 1949: ba za ka iya ganin kaɗawar da ta wuce rabin saurin ɗaukar samfur ba. Ka ɗauki 1,000 a sakan, iyakarka 500 Hz. Abin haushin shi ne, wadda ta wuce iyakar ba ɓacewa take yi ba, sojan gona take yi. Ka taɓa ganin tayar babur a bidiyo kamar tana juyawa da baya? To shi ne. A ce gyare yana kuka a 4,200 Hz da daddare a bakin kanal, kai kuma kana ɗaukar 1,000. Zai bayyana maka a 200 Hz daidai, kan ninki na takwas ɗin da kake gadi, na'urarka ta rantse inji na aiki alhali ya mutu tun isha'i. Bayan an ɗauka babu lissafin da zai raba su. Dole a tace tun kafin a auna. Rasisto mai 10k da kafasito mai 47nF suna fara yanka daga wajen 340 Hz, su rage kukan gyaren kamar sau goma sha biyu. In bai isa ba a jera mataci biyu.

Ta biyu: kaifin ganinka ya dogara ne da tsawon lokacin da ka saurara. Sakan ɗaya yana ba ka damar raba sautukan da ke da tazarar Hz ɗaya. Kashi goma na sakan, tazarar 10 Hz. Wannan ya hau kan FFT, ya hau kan Goertzel, babu wanda ya tsira.

Kafin manyan, ƙananan hanyoyi

Mafi arha ita ce auna ƙarfin ƙara kawai: ninka kowane samfur da kansa, ɗauki matsakaici. In tambayarka ita ce ko inji na aiki ko ya mutu, kuma makirfon tana manne da shi, wannan ya wadatar, kada ka wahalar da kanka. Amma ba ta san shan iska ba, don ƙarar tana nan. Ƙirga sau nawa sauti ya ƙetare sifili kuma tana aiki ne ga sauti mai tsafta kamar usur. A kukan inji mai ninki goma sha wani abu, lambar da za ta ba ka ba ta da ma'ana.

FFT

Joseph Fourier, Bafaranshe, ya kawo tunanin a 1807 yana binciken yadda zafi ke bin ƙarfe: duk wani abu mai hawa da sauka za a iya warware shi zuwa tarin kaɗawa masu sauƙi. Yin hakan kai tsaye ga samfur 1,024 yana cin ninkawa sama da miliyan ɗaya. A 1965 James Cooley da John Tukey suka buga dabarar raba aikin biyu-biyu har ya dawo wajen dubu goma. Daga baya aka gano Gauss ya riga su tun wajen 1805, bai dai yaɗa ba. Wannan dabarar ita ce FFT.

Kana ba ta buhun samfur, ta zazzage maka shi cikin gurabe, kowane gurbi da nauyin abin da ya faɗa ciki. Faɗin gurbi shi ne saurin ɗauka a raba da yawan samfur. A nan ne yawancin masu farawa ke faɗuwa. Sai mutum ya ɗauki 44,100 don ya ji shi ne mai kyau, ya ba FFT samfur 1,024, gurbinsa ya zama 43 Hz. Da 25 da 26.25 da 30 duk sun faɗa rami ɗaya. Da ya sauko zuwa 1,000 a sakan, da samfur 1,024 ɗin nan dai, gurbinsa bai kai Hz ɗaya ba. Ga aikin inji, yawan samfur a sakan asara ne.

A kwamfuta abin bai wuce layi bakwai ba:

```
import wave, numpy as np
f = wave.open("inji.wav")
x = np.frombuffer(f.readframes(8192), dtype="<i2").astype(float)
x -= x.mean()
karfi = np.abs(np.fft.rfft(x * np.hanning(len(x))))
hz = np.fft.rfftfreq(len(x), 1 / f.getframerate())
print(hz[karfi.argmax()])
```

Wannan na fayil mai layi ɗaya ne, mai 8,000 a sakan. Cire matsakaici da aka yi a layi na huɗu yana hana gurbin sifili cika ya danne na kusa da shi. Ninkawa da tagar Hann kuma maganin yoyo ne. FFT tana ɗauka cewa yankin da ka ba ta maimaita kansa yake har abada, to in ƙarshensa bai haɗu da farkonsa ba, wannan karayar sai ta watsu cikin duk gurabe. Tagar tana lallashe bakin yankin biyu zuwa sifili. Kuɗinta shi ne kowane tsauni zai ɗan ƙara faɗi. Kuma kada ka yarda da layi na ƙarshe ido rufe: gurbin da ya fi nauyi sau da yawa ninki na biyu ne ko na huɗu, ba tushen ba. Ka zana hoton gaba ɗaya ka duba tazarar haƙoran. Wanda ba ya son rubuta komai tukuna, manhajar Audacity kyauta ce, kuma tana zana wannan hoton.

Alherin FFT shi ne ba ta tambayarka abin da kake nema. Komai take nuna maka: injinka, injin maƙwabci, iskar hunturu da ke cika gurabun ƙasa, da wani shuuu mai faɗi a sama lokacin da famfo ke haɗiyar iska da ruwa tare, kamar ana niƙa tsakuwa a ciki. Aibinta ciki ne. Sai ta tara buhun gaba ɗaya kafin ta fara. Arduino Uno bayit 2,048 ne duk RAM ɗinsa, wato wurin da yake ajiye lambobi yayin aiki. FFT ta yau da kullum tana son jeri biyu na float, kowace lamba bayit 4. Samfur 128 sun cinye 1,024, rabin gidan. Samfur 256 sun cinye duka, ba a bar wa sauran shirin ko wurin tsugunno ba. Akwai masu matse lambobin zuwa bit 8 su samu 256, amma sun sayar da inganci. Da samfur 128 a saurin 1,000, gurbinka 7.8 Hz ne. Ba zai ga Hz ɗaya da kwata ba, a ninki na takwas ma da ƙyar, gurbi ɗaya kacal za ta matsa.

Goertzel

Gerald Goertzel ya buga tasa hanyar a 1958, shekara bakwai kafin Cooley da Tukey. Ita ba ta zazzage buhu. Kamar mai tsaron ƙofa ce da aka ba hoton mutum ɗaya: duk wanda ya wuce ba ruwanta, wannan kaɗai take jira. Ga zuciyarta:

```
s = x + k * s1 - s2;
s2 = s1;
s1 = s;
```

Ana yin wannan ga kowane samfur da ya shigo: x shi ne samfur ɗin, s1 da s2 kuma sakamako biyu na baya. Lambar k ita ce hoton, wato 2cos na 2π sau kaɗawar da kake nema a raba da saurin ɗauka. In kana neman 50 Hz a saurin 1,000, k ta zama 1.902. In 100 Hz ne, 1.618. Bayan samfur ɗin da ka ƙayyade sun cika, ƙarfin sautin shi ne s1 sau s1, a tara da s2 sau s2, a cire k sau s1 sau s2. Sai ka mayar da su sifili ka sake.

Ka lura ba a ajiye samfur ko ɗaya ba. Lamba biyu kawai take riƙewa, ko ka saurari samfur 100 ko 5,000. Ga abin da ya sa na fara ƙaunarta: Uno ɗin da FFT ta gagara ba shi gurbin da ya fi 7.8 Hz kaifi, Goertzel za ta ba shi Hz ɗaya cikin ruwan sanyi, ka dai bar ta ta saurara sakan guda. Ba ta kuma dole sai 128 ko 256 ko 512, kowace lamba ta yi, kuma kaɗawar da kake nema ba sai ta dace da wani gurbi ba. Uno yana bugun miliyan 16 a sakan, don haka tsakanin samfur da samfur, a saurin 1,000, akwai bugu 16,000, wanda ya ishi masu gadi goma su yi aikinsu. Ta fuskar yawan lissafi kuwa, in abin da kake nema bai kai kamar takwas zuwa goma ba a buhun 1,024, ta fi FFT arha. In ya wuce haka FFT ta karɓe.

Gidanta na asali shi ne sautin maɓallan waya. Kowane maɓalli sauti biyu ne a haɗe, ɗaya daga 697, 770, 852, 941, ɗaya daga 1,209, 1,336, 1,477, 1,633. Lamba 5 ita ce 770 da 1,336. Takwas ne, ba sa gusawa, an san su tun kafin a haife mu. An saba amfani da samfur 205 a saurin 8,000, wato milisakan 26 bai cika ba. Wanda yake son ya bar tsohuwar waya a gona, ya kira ta daga gida ya danna lamba injin ya mutu, ba shi da wata hujjar ɗauko FFT. Akwai ma ƙwayar MT8870 da ke yin aikin ba tare da ka rubuta layi ɗaya ba. Haka janareta, tunda lantarkinmu 50 Hz ne kuma gwamna na ƙoƙarin riƙe shi a nan: sa mai gadi a 50 da 100, ka ba shi samfur 200 kawai don gurbin ya buɗe zuwa 5 Hz ya jure ɗan layin da inji ke yi.

Inda ta kunyata ni

Na auna injin Baffa da safe, na ga inda ninki na takwas ke zama, na sa masu gadi biyu, ɗaya a wurin lafiya ɗaya a wurin shan iska. Na gwada, na ɗaga mesa daga ruwa, fitilar gargaɗin da na sa ta kama. Na mayar, ta mutu. Na koma gida ina jin kaina. Washegari da la'asar Baffa ya aiko a kira ni. Fitila tana ta ci, ruwa kuma na ta kwarara cikin albasa. Ya ce, "Ɗana, abin naka ƙarya yake yi, ko ni ne ban iya kallo ba?" Na ce, "Ku yi haƙuri Baffa, bari in duba." Ashe ƙanina ne ya ƙara totur don a gama kafin magariba. Injin lafiyarsa lau, sauri kawai aka ƙara masa, ya je ya tsaya daidai ƙofar mai gadi na biyu.

Na ce to bari in jera masu gadi da yawa. Sai lissafi ya tsayar da ni. In ana murɗa totur tsakanin 2,500 da 3,600, ninki na takwas yana yawo daga 167 zuwa 240 Hz, gurabe sama da saba'in. Sannan ga rikici: ninki na bakwai na injin da ke 3,600 yana 210 Hz, ninki na takwas na wanda ke 3,150 shi ma 210. Mai gadin da ke tsaye a 210 ba shi da hanyar sanin wanne ya gani. Sai wanda ya ga matsefin gaba ɗaya, ya auna tazarar haƙora, zai raba gardama. Goertzel guda saba'in kuwa FFT ce aka bi ta doguwar hanya.

Gyaran da ya yi aiki shi ne barin tambayar "yana kan lamba kaza?" a koma "ya canza daga yadda yake ɗazu?" Na'ura ta auna tazarar haƙora kowane sakan, ta riƙe matsakaicin 'yan mintocin baya, in gudu ya yi tsalle kuma amon sama ya canza tare da shi, ta yi ƙara. In mutum ne ya murɗa totur, ya danna maɓalli ta sake koyo. Wannan aikin FFT ne, kuma ya fi ƙarfin Uno.

Allon da za ka saya

ESP32 yana da RAM kilobayit 520, yana gudu har megahaz 240, kuma yana da sashen lissafin float a jikinsa, abin da Uno ba shi da shi. FFT mai samfur 8,192 tana cin kilobayit 64, ko a jikinsa. Sai dai ma'aunin lantarkinsa na ciki ba abin yabo ba ne, yana da hayaniya kuma ba ya tafiya daidai a gefe da gefe. Shi ya sa ake haɗa shi da makirfo mai fitar da lambobi da kanta ta hanyar I2S (wata hanyar tura lambobin sauti zuwa allo), irin INMP441. Abu uku game da ita. Samfur ɗinta bit 24 ne a cikin mazubin bit 32, sai ka matsar da shi bit 8 zuwa dama. Ba ta sauka ƙasa da wajen 8,000 a sakan, don haka ko dai ka yi babbar FFT ɗin can, ko ka tace ka riƙa ɗaukar ɗaya cikin takwas. Sannan jinta yana raguwa ƙasa da 60 Hz, ma'ana 25 Hz ɗin tushe da ƙyar za ka gan shi. Ba damuwa, tazarar ninkin ta ishe ka.

Uno kuwa ma'auninsa bit 10 ne, daga 0 zuwa 1,023, kowane karatu yana cin kamar mikrosakan 100. Ga kuskuren da na ga an yi ba sau ɗaya ba: a karanta, a sa delay na milisakan ɗaya, a ɗauka ana samun 1,000 a sakan. Da lokacin karatun, abin da ake samu wajen 900 ne kawai, sai 50 Hz ta bayyana a wajen 55, Goertzel mai kaifin Hz ɗaya ta ce ba ta ga kowa ba. Ka sa agogon cikin ƙwayar ya riƙa kiran karatun. Wajen makirfo, MAX9814 tana daidaita ƙarfi da kanta, in ƙara ta ragu ta ƙara, wanda ke ɓata maka awon ƙarfi. MAX4466 ba ta wannan shisshigin, ita na fi so a nan. In za ka ƙara SIM800L don tura saƙo, ka sani tana fizgar har amfiya 2 lokaci-lokaci, ƙaramin batir zai sa allon ya riƙa mutuwa yana tashi.

Akwai hanya ta uku da ban ba ta haƙƙinta ba, wato gwada sauti da kansa: ka zame shi kaɗan-kaɗan ka ga a tazara nawa yake komawa ya dace da kansa. Bugu 25 a sakan zai dace a kowane milisakan 40, ko makirfo ta ji tushen ko ba ta ji ba. Da irin wannan manhajar Praat ta Jami'ar Amsterdam ke bin hawa da saukar murya, abin da ke raba baba mahaifi da baba na rini. Wanda aikinsa karin harshen Hausa ne, ko bin muryar kalangu da ke lanƙwasa duk sanda makaɗi ya matse tsarkiya, ya fara ta nan. Goertzel ba ta da abin yi a wurin, FFT kuma tana shiga tsaka mai wuya: dogon yanki ya shafe lanƙwasar, gajere ya dushe kaifin. Ga inji ma tana aiki, sai dai ita ma tana son ajiye samfur, kuma in injin maƙwabci ya matso ta fi FFT saurin rikicewa.

To ga yadda zan zaɓa. Ko me za ka gina, mako na farko na FFT ne a kwamfuta, ko a waya da Pydroid, manhajar rubuta Python, in babu kwamfuta. Ka ɗauko injin da safe da rana da dare, da ruwa da babu ruwa, totur ƙasa da sama, ranar iska da ranar da maƙwabci ya tayar da nasa. In layin da kake nema ya tsaya wuri ɗaya a duk hotunan, kamar janareta, maɓallan waya, ko ƙarar wata na'ura, sayi Uno ko Nano ka rubuta Goertzel. In yana yawo, kamar injin fetur ko wanda aka mayar gas, injin niƙa da ke nishi duk sanda aka zuba masara, ko famfon sola da gudunsa ke bin rana, ESP32 da FFT. In mutuwa da rayuwa kaɗai kake son sani, awon ƙarfi.

Ni a ƙarshe ma cire makirfon na yi daga iska. Na samo faifan fizo, irin ɗan tagullan nan da ke cikin abin ƙarar agogo, na manne shi da gam a jikin firam ɗin injin, nesa da salansa saboda zafi, na sa masa rasisto mai megohm ɗaya da diyod biyu don kada fizgarsa ta ƙona ƙafar allo. Gyare, kwaɗi, iskar hunturu da injin maƙwabci duk suka fita daga hoton, haƙoran matsefi suka fito tas. Saura matsalar da ban gama da ita ba: girgiza tana kwance gam ɗin bayan 'yan kwanaki, yanzu ina gwada ɗaure shi da ƙusa da wasa a ramin da ke ƙafar firam.